Zaɓen Shokazobar Baya Ga Tsohon Babur: A Auna Kafin A Yi Ciniki

Wanda ya shiga shagon kayan babur a Gombe ya ce a ba shi shokazobar Jincheng ko ta CG, ba za a ce masa babu ba. Za a miƙo masa guda biyu a leda suna sheƙi, a ce su ne. Sai an je wajen makanike a tarar ramin ido, wato zoben da ke kan shokazobar, ya yi wa ƙusar firam yawa, ko a ɗaura lafiya amma babban jak ya daina ɗaga taya, ko bayan mako biyu sarƙa ta fara cin ƙarfe. Ba lallai laifin mai shago ba ne. Babur ɗin da ya yi shekara 15 ko 20 a hanya ya ratsa hannaye da yawa. An yi masa walda, an canza masa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, wanda makanikai ke kira suwingam, wani ma tankinsa na wani kamfani ne, firam na wani. Suna ɗaya kuma yakan ƙunshi samfura da yawa. Honda ta fara ƙera CG125 tun 1975, kamfanonin China suka yi ta kwaikwayon ƙirar, kowa da ɗan bambancin da ya saka. Shi ya sa sunan da ke jikin tanki ba ya ɗaura shok. Awo ne ke ɗaura shi: tsawo, irin kan da ke sama da ƙasa, faɗin rami, ƙarfin sifirin, da sararin da ke kewaye da shi.

Shok ɗin ne ya mutu kuwa?

Shok abu biyu ne a haɗe. Sifirin da ake gani a waje shi ke ɗaukar nauyi. Bututun da ke cikinsa, mai ɗauke da mai da wata sandar ƙarfe mai sulɓi, shi ke hana babur ci gaba da tsalle bayan ya faɗa rami. Yawancin mutane sifirin kawai suke kallo, alhali bututun ne ya fi saurin mutuwa.

Sauke babur daga jak, ka riƙe kansa, ka danna bayan sit da ƙarfi ka saki. Lafiyayyen shok zai taso a hankali sau ɗaya ya tsaya. Idan ya taso da tsiya ya sake lotsawa ya sake tasowa, mai ya ƙare ko ya daina aiki. Leƙa tsakanin zoben sifirin ka dubi sandar. Idan ka ga ƙura ta manne ta yi baƙin dauɗa mai danƙo a bakin bututu, sil, wato robar da ke tare mai a wurin, ya fashe, mai yana zuba. Idan kuma babur ya zauna ƙasa tun ba a hau ba, ko taya tana gogar madigadi da an ɗauki mutum ɗaya, sifirin ne ya gaji.

Amma akwai abubuwan da ke ɗora wa shok laifin da ba nasa ba. Kafa babur a babban jak, ka kama tayar baya da hannu biyu ka jijjiga ta hagu da dama. Idan suwingam gaba ɗaya yana motsi, bush ɗinsa, wato zoben da ke cike mahaɗarsa da firam, ne ya ci. Idan tayar ce kawai ke ƙas-ƙas a kan dogon bol ɗinta, boris ne. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya saki za ka ji muryarsa ta mutu. Duba notin kariya, duba iskar taya. Babur mai mataccen bush a suwingam zai ci gaba da rangaji a kwana ko an saka masa shok mafi tsada a kasuwa.

Tsawo, da yadda ake auna shi

Ana auna shok daga tsakiyar ramin sama zuwa tsakiyar ramin ƙasa, yana miƙe babu nauyi a kansa. Ba daga ƙarshen ƙarfe zuwa ƙarshen ƙarfe ba, kuma ba lokacin da babur ke tsaye da tayoyinsa a ƙasa ba, domin a lokacin nauyi ya riga ya danne shi. Mafi inganci a cire shi a kwantar a kan benci. Idan tsakiyar rami ta yi maka wuyar kamawa da ido, zura bol a kowane rami, ka auna daga gefen hagun wannan zuwa gefen hagun wancan, muddin kaurinsu ɗaya ne.

Yi awon da milimita. Yawancin babura masu injin 100 zuwa 150 da shok biyu suna faɗawa tsakanin milimita 300 da 360, kuma a kasuwa tsawon yana tafiya ne goma-goma: 310, 320, 330, 340. Tef ɗin kafinta yana da inci a gefe ɗaya, nan ake yawan tafka kuskure. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, inci 13 ya zo 330, inci 13 da rabi ya zo 343. Wanda ya ce «kusan sha uku ne» ya bar ƙofar kuskuren da ya kai santimita guda a buɗe.

Sai dai fa shok ɗin da ka cire ba lallai shi ne na asali ba. Mai yiwuwa wanda ya riƙe babur ɗin kafin kai ya saka abin da ya samu a lokacin. Idan akwai irin babur ɗinka da ka tabbata ba a taɓa shi ba, auna nasa. Idan babu, babur ɗin da kansa zai gaya maka iyakarsa ta wannan hanya, wadda take cin kamar rabin awa amma ta fi kowace tambaya amfani.

Kafa shi a babban jak a kan siminti, ka sa katako ƙarƙashin tayar baya, ka cire shok duka biyun. Wani ya ɗaga tayar sama a hankali har ta taɓa madigadi, ko har wani abu ya tokare, kai kuma ka auna tsakanin ƙusar sama da ta ƙasa. A ce ka samu 235. Wannan shi ne iyakar lotsawa. Sabon shok idan ya lotsa har ƙarshe dole tsawonsa ya haura wannan lamba da aƙalla milimita 10, in ba haka ba taya ce za ta zama abin tsayar da shi. Sanin tsawonsa a lotse ba wuya: auna sandar da ake gani tsakanin bakin bututu da robar da ke can ƙarshenta, ka ƙara kamar rabin kaurin robar tunda ita ma tana matsewa, ka cire jimillar daga cikakken tsawo. Shok mai 330 da tafiyarsa ta kai 80 zai tsaya a 250, ka ga ya wuce 235 da 15, ya yi ke nan. Daga nan a zare katakon a bar tayar ta sauka har suwingam ya kusa taɓa salansa ko ƙarfen matakin ƙafa, ko sarƙa ta kwanta a kansa, a sake aunawa. Shok ɗinka kada ya kai wannan tsawon.

Idan an saka wa babur taya mafi girma, kamar 3.00 a gurbin 2.75, sararin da ke ƙarƙashin madigadi ya riga ya ragu, don haka a yi wannan awon da tayar da za a ci gaba da hawa.

Bambancin milimita 5 zuwa 10 daga na asali ba ya kawo matsala a yawancin waɗannan babura. Daga 20 zuwa sama kuwa babur ya fara zama wani daban. Masu shiga ƙauyukan Dukku da Nafada sukan so dogon shok don ciki ya daina bugun ƙasa, kuma dalilinsu abin ji ne, amma ga kuɗin da ake biya. Baya ya ɗaga, nauyi ya koma gaba, kan babur ya yi saurin juyawa, a kan gudu ya riƙa rawa. Babban jak ya daina raba taya da ƙasa. A jak na gefe babur ya kwanta fiye da kima, a yashi ya faɗi. Babbar ɓarnar tana wajen sarƙa. Sarƙa ta fi tsauri a daidai lokacin da ƙaramin sufuroket na inji, wato faifai mai haƙora da ke jan sarƙa, da mahaɗar suwingam, da bol ɗin taya suka zo a layi ɗaya. Dogon shok yana tura suwingam ƙasa, nesa da wannan layi. Makanike ya ɗaure sarƙa yadda ya saba babur yana tsaye, da an hau mutum biyu sai ta ɗaure tamau kamar tsirkiya. Abin da ke biyo baya shi ne sarƙa ta miƙe kafin lokacinta, boris ɗin taya ya ci, sil ɗin bayan ƙaramin sufuroket ya fara zubar da baƙin mai, mai babur yana ta zagin sarƙar zamani.

Gajeren shok nasa ya fi fitowa fili: taya tana cin madigadi da wayoyin fitilar baya, salansa tana bugun tudun rage gudu, fitilar gaba tana haska idon masu tahowa maimakon hanya, a jak na gefe kuma babur ya tsaya ƙiƙam, iska kaɗan ta tura shi ɗaya ɓangaren.

Kai da rami

Kan shok iri biyu ne. Akwai ido, wato zobe mai roba a ciki da ɗan bututun ƙarfe a tsakiya, wanda ake zurawa a ƙusar da ke jikin firam. Akwai kuma mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, wanda ke rungumar kunnen ƙarfe a jikin suwingam a soke shi da bol. Wani babur ido ne sama da ƙasa, wani ido a sama baki biyu a ƙasa. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma kada a yarda mai walda ya yanke kai ya liƙa wani. Zafin walda yana ƙona sil ya dafa man ciki, idan kuma shok mai gas ne yana iya fashewa a fuskar mai aikin.

Faɗin rami yawanci milimita 10 ne ko 12, wani lokaci 14, masu baki biyu kuma sukan ɗauki bol na 8 ko 10. Sama da ƙasa ba dole su zo ɗaya ba, a auna kowanne. A nan akwai wani ruɗani da ya zama ruwan dare: a kasuwa ana kiran bol da lambar sifanar da ke kwance shi, ba da kaurin jikinsa ba. A baburan Japan da masu kwaikwayonsu, bol mai kaurin 8 sifana 12 ke kama shi, mai kaurin 10 sifana 14, mai kaurin 12 sifana 17. To wanda ya je ya ce «ramin nawa sha huɗu ne» saboda da sifana 14 ya kwance noti, ya faɗi abin da ba shi ke nan ba. Jikin ƙusar ake aunawa, wurin da babu zare, inda ido ke zama. Idan babu ma'auni mai baki, sifana mai buɗaɗɗen baki ta isa: wadda ta shige jikin ƙusar cif ba tare da wasa ba, lambarta ce kaurin.

Idan ramin sabon shok ya fi ƙusa faɗi, ana saka ɗan bututun ƙarfe a cike gibin, daga 12 zuwa 10 misali. Wasu shok suna zuwa da su a cikin leda, mai injin tona ƙarfe ma zai yanka maka cikin minti kaɗan. Abin da ba a yi shi ne naɗa gwangwani ko tsinken tiyub. Kwana kaɗan zai murje, ƙara ta dawo, ido ya riƙa dukan ƙusa har ya yi mata wuya ta karye. Idan ramin ne ya yi ƙanƙanta, a canza bush ɗin gaba ɗaya da mai faɗin rami. Kada a goge ƙusar firam don ta shiga, ita ce ke ɗauke da kai da fasinjanka.

Sai kaurin idon, wato faɗinsa daga gefe zuwa gefe, wanda yakan kai kamar milimita 20. Idan ya fi na da siranta, notin nan mai rufaffen kai zai ƙure a ƙarshen zare kafin ya matse ido. Hannu zai ji ya ɗauru, alhali shok yana yawo a kan ƙusa. Wosha ɗaya ko biyu ke maganin wannan. Idan ya fi na da kauri, zaren da ya rage wa noti ba zai isa ba, kuma noti mai riƙe da zare biyu ko uku ba abin dogaro ba ne.

Tsaya a bayan babur ka dubi shok ɗin daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata ya sauka a miƙe, kada ƙasansa ya karkata ciki ko waje. Shok ɗin da aka tanƙwara aka tilasta masa shiga, sandarsa tana gogar gefe ɗaya na sil, wata biyu ya yi yawa ya fara zubar da mai. Da wosha ake daidaita layin.

Sifirin da irin kayan da kake ɗauka

Nan ne ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Malamin makaranta da ke zuwa aiki daga Tumfure shi kaɗai, da mai ɗauko buhun masara na kilo 100 daga ƙauye zuwa Tudun Hatsi, da mai jigilar jarka huɗu ta lita 25, ba sifirin ɗaya ya dace da su ba, ko da babur ɗinsu iri ɗaya ne. Kayan da ke kan kariya ma sun fi nauyinsu wahalar da shok, domin suna zaune ne a bayan bol ɗin taya, suna danna shi kamar yadda ake danna ƙarshen sanda a ɗaga dutse.

A shago ba wanda zai gaya maka ƙarfin sifirin da lamba, amma ido da sifana za su gaya maka. Abu uku ke sa shi ƙarfi: kaurin wayar da aka naɗa, ƙarancin zobba, da ƙanƙantar faɗin naɗin. Kaurin waya ya fi sauran tasiri nesa ba kusa ba. Idan komai ya zo ɗaya, waya mai milimita 7 ta fi mai 6 ƙarfi da kusan kashi 85 cikin 100, mai 8 kuma ta fi mai 7 da kusan kashi 70. Milimita ɗaya tak, amma ya kusa ninka ƙarfin. Saboda haka wanda ya tsallaka daga 6 zuwa 8 don «ya huta» ya sayi abin da ya ninka na da sau uku, kuma ƙugunsa ne zai biya. Gwada wayar tsohon da sifana 6, 7 ko 8, ka ƙirga zobbansa, ka kwatanta da sabon. Mai hawa shi kaɗai ko da iyali ya tsaya a kan kaurin asali. Mai ɗaukar kaya kullum ya ƙara mataki ɗaya, kada ya wuce.

Sifirin da zobbansa suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗayan ya fi dacewa da wanda yau shi kaɗai ne gobe da kaya: matsattsun suna shanye ƙananan gargada, idan nauyi ya ƙaru suka haɗe sai buɗaɗɗun su karɓi aikin. Irin wannan tunani ne ya sa Bajaj ke saka ƙaramin sifirin a cikin babba a shok ɗin Boxer. Mutane da yawa suna ɗaura na Boxer a wasu babura saboda haka, kuma ba laifi idan tsawo da rami da sarari sun yarda.

Matakalar da ke gindin sifirin, mai hawa biyar a yawancinsu, ba ta ƙara masa ƙarfi. Tana ƙara matse shi ne tun kafin a hau, don babur ya zauna sama kaɗan. Idan sai ka kai ta hawa na ƙarshe sannan babur ke ɗaukarka kai kaɗai, sifirin ya yi maka laushi. Cusa guntun bututu ko tarin wosha a ƙarƙashinsa ma haka ne, da ƙarin haɗarin zobba su haɗe kafin shok ya gama tafiyarsa, dukan ya wuce kai tsaye cikin firam.

Game da ƙara shok ya zama huɗu, kamar yadda masu dakon kaya ke yi: yana hana taya taɓa madigadi, wannan gaskiya ne. Amma nauyin bai tafi ko'ina ba. Ya koma kan sifok, da rim, da wutsiyar firam wadda ke tsagewa daidai inda aka yi waldar sabon kunne, birki kuma yana nan yadda kamfani ya yi shi don mutum biyu da ɗan kaya. An gudu ba a tsira ba. Shok biyu masu sifirin da ya dace sun fi huɗu da aka tara barkatai.

A cikin shago

Tafi da tsohon shok ɗaya, da tef, da takardar awonka. Maganar ta zama gajera: «Alhaji, ga tsohon. 330 nake so, ido sama da ƙasa, rami 12 a sama 10 a ƙasa, waya 7.» Idan aka ce maka «ai duk ɗaya ne, zai hau», ka ce a ba ka ka gwada da tef. A kuma yi magana tun kafin kuɗi su fita cewa idan bai hau ba za a dawo da shi, matuƙar ba a ɓata shi ba.

Jera biyun a kan kanta ka tabbata tsawonsu ɗaya, sifirin ɗinsu ɗaya. Kafa gindin ɗaya a ƙasa, kansa yana sama yadda zai zauna a babur, ka danna da nauyin jikinka sau huɗu ko biyar don man ciki ya koma mazauninsa bayan doguwar kwanciya a kwali. Daga nan ka lura da dawowarsa. Mai kyau yana dawowa da ɗan jan jiki, har ka ji sautin mai yana wucewa a ciki. Wanda ya yi tsalle ya dawo fat kamar sifirin zalla, ko ya yi ƙwas a ƙarshe, ajiye shi. Gwada na biyun, su zo daidai da juna. Dubi waldar ido, dubi sanda ko akwai tabo, latsa robar bush da farce: mai kyau tana da tauri da ɗan danƙo, ba ta zama kamar busasshen robar bokiti ba.

Akwai masu ɗan tulu a gefe, masu launin zinariya ko ja, da samari ke so. A shok na gaske tulun yana ɗauke da gas da ƙarin mai, yana hana man yin kumfa idan ya yi zafi. A masu araha da yawa kuwa fanko ne, ado kawai, ba abin da ya haɗa shi da cikin bututu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ko na gasken ne, sai an duba tulun ba zai bugi salansa, ko kariya, ko ƙafar fasinja ba idan shok ya lotsa. Haka faɗin sifirin: a bar aƙalla milimita 5 tsakaninsa da murfin sarƙa, da kaurin yatsa tsakaninsa da salansa.

Sunayen da aka sani a wannan sana'a su ne Showa da KYB na Japan, Endurance da Gabriel na Indiya, da YSS na Tailan. Sai dai buga suna a jikin ƙarfe ba wuya, kuma kaya suna ratsa hannaye da yawa daga Legas ko Nnewi ko Kano kafin su iso Gombe. Hannunka da ya danna ya fi tambarin gaskiya.

Na hannu, wanda ake kira Beljiyam, yakan fi sabon jabu idan an dace. Share sandar tas, ka danna sau goma, ka sake shafawa da farin ƙyalle. Idan ya ɗauko mai, bar shi. Tsatsa ko ƙananan ramuka a jikin sanda su ma sun isa dalili, domin su ke yaga sil. Dabarar huda tsohon bututu a ɗura mai a toshe da sukuru tana aiki na ɗan lokaci, amma ƙofar da man farko ya bi ya fita tana nan a buɗe. A mai gas kuwa ko kusa kada a huda.

Biyu ake canzawa tare, ko da ɗaya ne ya mutu. Sabo da tsoho a babur ɗaya suna murɗa suwingam, su cinye bush ɗinsa, sabon kuma ya ɗauki aikin biyu ya mutu da wuri.

Ɗaurawa

Babur a babban jak, katako a ƙarƙashin taya. Saita matakalar shok biyun a hawa iri ɗaya tun suna ƙasa, hawa na biyu ya isa a fara da shi. Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don taya kada ta faɗi. Kwance notin ƙasa, sannan na sama, ka lura da jerin wosha yadda ka same su. Goge ƙusa da ƙyalle ka dube ta da kyau: idan ta yi wuya, ko ta lanƙwashe, ko akwai tsaga a gindin waldarta, a gyara wannan tukuna. Idan roba ta ƙi shiga, ruwan sabulu ake shafawa. Baƙin mai da giris suna kumbura roba su ruɓar da ita.

Shok ya zauna yadda aka ƙera shi. Na mai zalla idan aka kifa shi, iskar da ke ciki tana komawa inda mai ya kamata ya kasance, ya daina riƙewa. Zura sama, sannan a ɗan ɗaga taya ko a sauke ta har ramin ƙasa ya zo daidai. Idan na biyun ya ƙi zuwa daidai da tazara mai yawa, ko dai tsawonsu ba ɗaya ba ne, ko suwingam ya murɗe. Kada guduma ta shiga maganar.

Ɗaura notin da hannu kawai, ka sauke babur daga jak, wani ya zauna a kai, sannan a matse. Dalili shi ne robar bush murɗawa take yi idan shok yana aiki. Idan aka matse ta taya tana lilo, da an hau ta riga ta murɗe, kuma a haka za ta zauna har ta yage. Mai sifanar awo ya sa notin bol mai kaurin 10 a wajen 30 zuwa 40 na ma'aunin Nm, na mai kaurin 8 a 20 zuwa 25. Wanda ba shi da ita ya yi amfani da gajeriyar sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Ƙara bututu a kan sifana shi ke tsinke ƙusa.

Yanzu a duba zaman babur. Yana kan babban jak taya tana lilo, auna daga tsakiyar bol ɗin taya zuwa wata alama a saitinsa a sama, kamar notin kariya. Sauke shi, ka hau da ƙafafunka a kan mataki wani yana riƙe da kai, a sake aunawa. Bambancin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan tafiyar tayar, wanda a waɗannan babura yakan zo milimita 25 zuwa 30. Idan ya haura, ƙara hawa ɗaya a duka gefen biyu. Idan bai kai 15 ba a hawa na farko, sifirin ya yi maka tauri, taya za ta riƙa barin ƙasa a kan gargada, birki ya riƙa zamewa. Sake gwadawa da irin kayan da ka saba ɗauka. A bar aƙalla sulusin tafiyar a ajiye saboda rami.

Kafin a tashi, abu uku. Sarƙa: a duba sakinta mutum yana zaune a kai, kada ta yi tsauri. A yawancin ƙananan babura ana barin milimita 20 zuwa 30 na wasa a tsakiyarta, kuma idan shok ya fi na da tsawo a karkata wajen sakin. Birkin baya: sandarsa tana canza ja idan suwingam ya motsa, don haka a tabbata feda tana da wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, a kuma tura babur da mutum biyu a kai a ji ko yana riƙe taya da kansa. Sai fitilar gaba, a haska bango da dare a gyara tsayinta.

Bayan mako guda a sake bin notin huɗu da sifana, domin sabuwar roba tana zama. A leƙa cikin madigadi ko akwai sabon gogen taya, a duba sanda ko ta jiƙe.

Duk wannan bayani na masu shok biyu ne. Babur mai shok ɗaya a tsakiya lissafinsa daban: sifirin ɗinsa ya fi waɗannan ƙarfi sau da yawa, milimita 5 a jikinsa tana iya zama 10 ko 15 a taya, kuma yawancinsu gas ne a ciki. Wannan a nemi na samfurinsa kawai, kada kuma a yi gangancin cire masa sifirin babu abin matsewa.

A lokacin hunturu ƙura ce ke kashe sil, da damina kuma laka da tsatsa. Shok mai rufi a kan sanda ya fi daɗewa a hanyoyin Kwami ko Balanga fiye da wanda sandarsa ke tsirara. Idan naka buɗaɗɗe ne, riƙa share sandar da ɗanyen ƙyalle, kuma a wajen wanki kada a saita bakin injin feshi a kan sil. Awon da ka yi, tsawo da ramuka da kaurin waya, rubuta shi da fenti a ƙarƙashin sit tare da watan da aka ɗaura.